Kundin aikin dogon ƙyalle a Unguwar Afirka ta Berlin

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Jiya aka cika shekara 140 da buɗe taron da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya kira a nan Berlin kan mamayar Afirka, inda wakilan ƙasashe 14 suka zauna a fadarsa da ke Wilhelmstraße daga 15 ga Nuwamba, 1884 zuwa 26 ga Fabrairu, 1885, ba tare da an gayyaci ko mutum ɗaya daga Afirka ba. Yau kuma ƙungiyarmu ta masu zane, ɗinki da ɗaukar hoto, waɗanda asalinmu ya rarrabu tsakanin Najeriya, Nijar, Kamaru, Togo, Gana da Sudan, ta tsayar da aikin da za ta yi a tsawon lokacin da wancan taro ya ɗauka. Za mu yanka farin yadi fallaye 30, kowanne mita ɗaya, mu raba wa mutanen unguwa su yi masa ado da zare ko fenti, sannan a haɗe shi ya zama ƙyalle guda, a zaga da shi titunan Unguwar Afirka da ke yankin Wedding ranar 26 ga Fabrairu.

Sunayen titunan ne suka ja mu wannan unguwa. Tun 1899 aka fara raɗa su don tunawa da ƙasashen da Jamus ta mallaka ko take kwaɗayin mallaka, kuma sai da baƙar fata mazauna birnin suka shafe shekaru suna kai gwauro suna kai mari kafin a sauya uku daga ciki. Dandalin da ke ɗauke da sunan Gustav Nachtigal, mutumin da ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan sarkin Prusiya ga Shehu Umar na Borno, ya kuma kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, tun Disamban 2022 ya koma Dandalin Manga Bell, don girmama sarkin Duala ta Kamaru da Jamusawa suka rataye a 1914 tare da tunawa da matarsa. Titin Lüderitz ya koma na Cornelius Fredericks, jagoran al'ummar Nama ta Namibiya, shi kuwa na Peters aka raba shi biyu a Agustan 2024, sashe ɗaya ya ɗauki sunan Anna Mungunda, ɗayan na yaƙin Maji Maji, boren da aka yi wa mulkin Jamus a Tanzaniya ta yau. An dai sauya alluna, amma mafi yawan masu wucewa ba su san ko su wane ne waɗannan mutane ba, kuma wannan gurbin muke so ƙyallen ya cike.

Sharaɗin da muka ɗora wa kanmu shi ne kada mu kulle ɗaki mu yi aikin a madadin jama'a, sannan mu kira su su zo su tafa mana. Akwai Yuro 2,300 a hannu daga karo-karon mambobi da sayar da wasu hotuna, mun kuma nemi tallafin Yuro 4,000 daga wata gidauniya. Asusun ɗaya ne, kowa na iya duba lissafinsa, irin tsarin da ƙungiyar masu fasaha ta ruangrupa daga Jakarta ta bi a baje kolin documenta na 2022 a Kassel.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An sayo yadin auduga mita 36 a kan Yuro 250, da zare, allura da fentin yadi na Yuro 310. An wanke yadin don fitar da sitaci, domin fenti ba ya kama shi da kyau idan ba a yi haka ba, ya kuma ɗan tsuke kamar yadda aka zata. Wata cibiyar unguwa ta ba mu ɗaki kyauta kowace Asabar.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Zaman farko da jama'a. Mun fara da nuna hotunan aikin matan Chile, waɗanda bayan juyin mulkin 1973 suka riƙa ɗinka labarin mazajensu da 'ya'yansu da aka ɓatar a kan guntayen buhu, wani lokaci da tsumman tufafin waɗanda suka ɓata ɗin, ana fitar da su ƙasashen waje ta hannun coci da 'yan gudun hijira. Yawancinsu ba su sa suna a jikin aikin ba saboda tsoron hukuma. Wannan bayanin na ƙarshe ne ya fi ɗaukar hankalin mutanen da suka zo, na kuma lura cewa waɗanda suka fi yin tambaya a kansa su ne waɗanda takardunsu ba su kammala ba.

Wata dattijuwa 'yar Duala ta zo da tsohon zaninta a jaka. Ba ta taɓa fenti ba. Ta shimfiɗa fallenta a kan cinya, ta yanka zanin siri-siri da ƙaramin almakashi, ta fara jera su a matsayin igiyar ruwan kogin Wouri da ya ratsa Duala, tana danne kowane tsinke da babban yatsa kafin ta soka allura, ba ta auna komai ba amma tazarar ɗinkin ba ta saɓa ba. Da na tambaye ta, “Mama, ina za a sa hoton sarkin?” sai ta ce kogin ya isa, domin saboda filayen bakinsa aka kashe shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Maganar da muka yi ta kauce wa ta taso yau. Cikin masu zuwa ɗinki akwai mutum bakwai da ke zaune a wani gidan masu neman mafaka, kuma hannunsu ya fi na kowa a wurin, musamman wata matashiya da ta daɗe tana aikin tela kafin ta baro gida. Mu mambobi mun sa wa kanmu ɗan ladan aiki a kasafin da muka miƙa wa gidauniya, to da wace hujja za a biya wanda ya zana a bar wadda ta ɗinka?

Biyu daga cikinmu sun je wata cibiyar ba da shawara kan dokar baƙi, aka yi musu bayani dalla-dalla. Mai neman mafaka ba shi da izinin yin sana'ar kansa, kuma ladan da ake biyan mai fasaha kan aiki guda a wannan rukuni yake faɗawa. Ɗaukarsa aiki kuwa sai da amincewar ofishin baƙi, wadda kan ɗauki makonni. Doka ta yarda a ba shi santi 80 a awa idan ya yi ƙananan ayyuka a gidan da aka saukar da shi, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar zai kai Yuro 12.82 a awa daga Janairun 2025. Wani ya kawo shawarar a miƙa kuɗin hannu da hannu ba tare da rubutu ba, amma idan asiri ya tonu, su shari'ar zamansu ce za ta iya lalacewa.

Bayan doguwar muhawara aka yanke cewa ba wanda zai karɓi lada, mamba ko baƙo. Kuɗin zai tafi ga tikitin jirgin ƙasa, mai kula da yara a lokacin zama, da kekunan ɗinki biyu da za su zama na mazauna gidan idan aiki ya ƙare, tare da takardar shaidar aikin sa-kai ga duk mai buƙata. Wani mamba da zane ne kaɗai abin da yake ci da shi bai ji daɗi ba, ya ce raba talauci daidai wa daida ba shi ne adalci ba. A ganina yana da gaskiya, sai dai ban ga wata mafita da ba za ta ɗora haɗarin a kan mafi rauni a cikinmu ba.

Asabar, 14 ga Disamba

An kammala fallaye 9, wasu 8 suna hannu. An sayi kekunan ɗinki biyu na hannu a kan Yuro 280. Mun cire zanen Turawa suna tsaga taswira da wuƙa, domin taron na Berlin bai zana yawancin iyakokin da muka sani ba; ƙa'idojin mamaya ya shimfiɗa, da 'yancin zirga-zirgar jirage a kogunan Kwango da Neja, iyakokin kuwa yarjejeniyoyin baya ne suka tsaga su.

Juma'a, 20 ga Disamba

Labari biyu marasa daɗi a rana ɗaya. Gidauniya ta ƙi ba da tallafin, ba tare da wani dogon bayani ba. Cibiyar unguwa kuma ta sanar da mu cewa daga Janairu ba za ta iya buɗe ƙofa ranar Asabar ba, saboda ba ta da kuɗin biyan mai riƙe da makulli. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin a wannan watan ne birnin ya zaftare kimanin Yuro miliyan 130 daga kasafin al'adu na 2025, kuma duk da cewa manyan gidajen wasan kwaikwayo ne ake jin kukansu a jaridu, ƙananan ɗakuna irin wannan ne ke rufewa shiru. Mun kwashe kayan zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a gidan wata mamba. Saura Yuro 1,140.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Da aka buɗe ɗakin ajiyar da safe, wari ne ya fara tarbar mu. Fallaye bakwai da aka buga wa fenti a zaman ƙarshe an ninke su ne kafin su gama bushewa, saboda gaggawar kwashe kaya, ɗakin kuma yana da danshi ba taga, sai suka yi fumfuna, ɗigo-ɗigo baƙi da toka-toka a kan layin ninkin. Matsalar ita ce fentin yadi ba ya zama daram sai an bi shi da dutsen guga mai zafi bayan ya bushe, waɗannan kuwa ba a kai ga goge su ba. Idan aka wanke don cire fumfunar, zanen zai bi ruwa. Idan aka goge don zanen ya zauna, tabon ma zai zauna tare da shi. Gaba kura baya sayaki.

Tela ɗin nan matashiya ce ta ba da shawarar da muka bi. Aka shanya su a baranda suka bushe ƙarau, aka kaɗe da buroshi a waje, aka goge ta baya da ƙyalle a tsakani, sannan aka wanke. Huɗu sun tsira da ɗan tabo, wanda ta ce za ta rufe da ɗinki. Uku sun lalace gaba ɗaya, ciki har da wanda yaran gidan masu neman mafaka suka buga tafin hannuwansu a kai. Shi ne ya fi damuna, domin biyu daga cikin yaran an riga an mayar da iyalinsu wani gari, ba za su dawo su sake ba. Asarar kuɗi ba ta wuce Yuro 60 ba. Daga yau ba za a ninke falle ba sai ya kwana a kan igiya an kuma goge shi.

Asabar, 11 ga Janairu

Wata ƙungiyar maƙwabta mai rajista ta ba mu zaurenta a kan Yuro 25 kowane zama. An sake yanka fallaye uku daga ragowar yadi.

Asabar, 18 ga Janairu

Wani dattijo Bahaushe daga Togo, wanda ya fi shekara talatin a Jamus, ya kawo zanen da yake so a ɗinka masa: soja baƙar fata sanye da jar dara da bindiga a kafaɗa. Ya ce kakan mahaifinsa ne, wanda ya yi aiki a rundunar 'yan sandan da Jamus ta kafa a Togo. Nan take ɗakin ya rabu. Wasu suka ce ƙyallen na waɗanda suka bijire ne, ba na waɗanda suka riƙe wa Bature bindiga ba, kuma sa irin wannan hoton kusa da kogin Manga Bell cin fuska ne.

Abin da dattijon ya faɗa tarihi ne tabbatacce. Ingilishi da Jamusawa duka sun ɗauki Hausawa da yawa aikin soja a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kuma a cikin na farko-farkon akwai bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, waɗanda kakin soja ya zame musu mafaka. A ɗaya ɓangaren, dakarun Jamus ƙarƙashin Hans Dominik ne suka murƙushe mayaƙan Lamiɗo Zubairu na Adamawa a Marwa, arewacin Kamaru, a 1902, kuma yawancin masu harbin 'yan Afirka ne. Na ce masa, “Baba, ko za a bar bindigar, a ɗinka fuskarsa kawai?” Ya ce, “A'a ɗana, idan kun cire bindigar kun yi mini ƙarya, idan kun cire shi kun yi wa kanku ƙarya.”

An amince fallen ya shiga yadda yake, da layi ɗaya a ƙasa mai bayyana ko wane ne, kuma dattijuwar Duala da kanta ta ce a sa shi nesa da nata da fallaye uku, ba ta nemi fiye da haka ba. Mutum biyu sun ce ba za su riƙe wannan sashe ranar zagaye ba, aka ce ba laifi. Ni dai ina ganin wannan fallen ne zai hana ƙyallen zama allon talla, domin mai zanga-zanga yana son magana ɗaya mai kaifi, mai zane kuwa aikinsa ne ya nuna abin da maganar ta tsallake.

Asabar, 25 ga Janairu

Masu zauren sun roƙi kada a rubuta sunan wata jam'iyya a jikin ƙyallen ko a takardar gayyata da ke ɗauke da adireshinsu. Tun da kotun ƙoli ta harkokin haraji ta yanke hukunci kan ƙungiyar fafutuka ta Attac a 2019, wanda ya kai ga rasa rangwamen harajinta saboda harkar siyasa, ƙungiyoyin da ke da rangwamen haraji suna taka-tsantsan da duk abin da zai yi kama da kamfen. Mun amince. Fallaye 24 sun kammala.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yanayin ƙasar ya sauya mana lissafi. Ranar Laraba majalisar tarayya ta amince da wani ƙudurin tsaurara matakan ƙaura da taimakon ƙuri'un AfD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, zaɓe kuma ya rage makonni uku, ba a maganar komai sai baƙi. Uku daga cikin masu ɗinki sun ce ba za su fito titi ba.

A Jamus ba a neman izinin zanga-zanga, sanar da 'yan sanda kawai ake yi aƙalla awa 48 kafin a fitar da gayyata, amma dole a ba da sunan mutum ɗaya a matsayin jagoran taro, wanda duk abin da ya faru shi za a fara nema. Wata mamba da ke da takardar zama 'yar ƙasa ta ɗauki wannan nauyin. Mun kuma yi niyyar yin fuskokin takarda masu ado da masu riƙe ƙyalle za su sa, su zama kwalliya su kuma zama kariya, sai lauya ya ja hankalinmu cewa dokar taro ta hana rufe fuska don ɓoye kamanni, kuma ba za a iya tabbatar da cewa jami'in da ke wurin zai ɗauke su a matsayin fasaha ba. Abin da muka ƙirƙiro don kare mutane zai iya zama dalilin tambayarsu takarda. An soke fuskokin, an yi asarar Yuro 45 na kwali da gam. Madadinsu, za a ɗaga ƙyallen a kan sanduna, masu riƙewa su tsaya ta bayansa, wanda bai so fitowa ba kuma ya tsaya a zaure yana karɓar jama'a idan sun dawo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An haɗa fallayen a sassa shida, kowane sashe mita biyar, ana ɗaure su da igiya, domin ƙyalle guda mai mita 30 ba ya juyawa a kwana kuma ba ya shiga jirgin ƙasa. A gwajin da aka yi a fili, iska ta cika shi har ta kusa kayar da masu riƙe tsakiya, don haka aka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin sassan. Sandunan gora da igiya sun ci Yuro 95.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Batun suna da hoto ya cinye zaman. Wasu suna son sunansu a jikin fallensu, musamman masu neman shiga makarantar fasaha, wasu kuwa ko harafin farko ba sa so. Idan aka sa na wasu aka bar na wasu, kowa zai gane cewa fallen da ba suna na mai matsalar takarda ne. An tsayar cewa ba suna a gaban ƙyallen ko kaɗan. Mai so ya ɗinka alamarsa ta baya, a kuma ba shi hoton aikinsa da takardar shaida. Mai ɗaukar hotonmu zai ɗauki hannuwa da yadi, ba zai ɗauki fuska ba sai da rubutacciyar yarda. 'Yan jarida da masu waya a titi kuwa ba mu da iko a kansu, an kuma faɗa wa kowa haka ƙarara.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Jiya da yamma aka yi zagayen, kwana uku bayan zaɓen da AfD ta zo ta biyu da sama da kashi 20 cikin ɗari. Mutane sun ɗan haura ɗari, ƙasa da yadda muka yi fata, amma ranar aiki ce. An tashi daga Dandalin Manga Bell, ana tsayawa a ƙarƙashin kowane sabon allo ana karanta tarihin mai sunan da Jamusanci da Faransanci da Hausa. Wani mazaunin unguwar ya leƙo ta taga ya yi ƙorafin cewa an sa shi sauya adireshi a banza, wata mata kuma ta sauko daga bene ta tambayi wace ce Anna Mungunda, aka gaya mata cewa a Windhoek, babban birnin Namibiya, aka harbe ta a 1959 lokacin boren ƙin tashi daga tsohuwar unguwar baƙar fata, ta bi mu har ƙarshe. Sanda ɗaya ta karye, igiyar sashe na huɗu ta kwance sau ɗaya. Biyu daga cikin ukun da suka ce ba za su fito ba sun zo, suka riƙe ta baya. Tela ɗin ba ta zo ba, ta tsaya a zaure.

Asabar, 8 ga Maris

Lissafi: an kashe Yuro 2,085, mafi yawa a kan tikiti da mai kula da yara, saura 215. An kai kekunan ɗinki gidan masu neman mafaka, amma hukumar gidan ta ce ba za a ajiye su a ɗakunan kwana ba, don haka muna neman a ba su kusurwa a ɗakin taro.

Wani gidan baje kolin fasaha ya nemi aron ƙyallen na wata biyu a bazara, da tayin Yuro 1,500 ga “masu fasahar”, yana kuma son jerin sunaye don rubutawa a bango. Za mu amsa masa ranar Litinin da sharuɗɗa uku: a rubuta sunan ƙungiya da na unguwa kawai, kuɗin ya shiga asusun bai-ɗaya, a kuma rataye ƙyallen a tsakiyar ɗaki yadda za a ga bayansa. Kafin nan sai an tambayi duk wanda ya ɗinka falle ko ya yarda, kuma an raba wa mambobi huɗu lambobin da za su kira. Sashe na biyu da na biyar suna buƙatar wanki da gyaran baki. Ranar 22 ga wata za a zauna da lauya kan yi wa ƙungiyar rajista, wanda doka ta ce sai da mutum bakwai masu sa hannu, domin mu iya karɓar haya da sunanmu, mu kuma nemi a ɗauki tela ɗin aiki ta hanyar da ofishin baƙi zai amince.